Hambali Mai Kwafi Uku

Hambali bai taɓa riƙe fartanya da sunan noma ba, ko da yake a gidan manoma aka haife shi, a wani ƙauye da ke bakin babban kanal tsakanin Bunkure da Kura. Yana shekara uku shan-inna ta kama shi, ta tafi da ƙafarsa ta dama, ta bar masa ta hagu da rabin ƙarfi. Yayyensa suka tashi cikin taɓo, shinkafa da damina, tumatir da alkama da rani. Shi kuwa ya tashi a gindin darbejiyar ƙofar gida, yana kallon masu wucewa da buhunan taki a bayan babur.

Mahaifinsa, Malam Sammani, ba mai yawan magana ba ne. Wata rana ya dawo daga gona ya tarar yaron ya kwance masa rediyo gaba ɗaya, ya jera ƙusoshinta a kan tabarma daga manya zuwa ƙanana. Kowa a gidan ya zaci duka ne zai biyo baya. Sai Malam ya tsuguna, ya daɗe yana duba jerin ƙusoshin nan, sannan ya ce, "In ka mayar da ita ta yi magana, to gonarka ke nan." Sai da rediyon ta kwana huɗu bebiya, amma a na biyar ta yi magana.

Da keken hannu ya gama sakandare. Daga nan ya zauna gidan kawunsa a Kano shekara biyu, ya yi difloma ta kwamfuta, ya dawo ya kama ɗan shago kusa da kasuwar Bunkure. Yana buga takardu, yana ɗaukar hoton fasfo, yana gyara wayoyi. A nan ya auri Rahma, malamar Islamiyya, wadda ta fara zuwa shagon don buga wa ɗalibanta takardun jarrabawa, ta kuma gyara masa kurakurai uku a rubutun Larabci ba tare da ta ɗaga kai ba.

Ƙungiyar manoman rani ta yankinsu ta ba shi aikin rajista: sunan kowane manomi, hotonsa, faɗin gonarsa, ƙofar kanal ɗin da gonarsa ke shan ruwa, da ranar da ruwa ke zuwa masa. Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu, duk a cikin kwamfuta ɗaya da ke kan teburinsa. Yana lulluɓe ta da zane don ƙura, yana ji da ita kamar ƙwai.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, janareta ta turo wuta fiye da ƙima. Ya ji ƙauri, ya ga ɗan hayaƙi na fita daga kwamfutar, shi ke nan. Ya cire faifan da komai ke ciki ya kai wa masu gyara a Kano, shago uku, kowanne ya girgiza kai. Sunaye dai ana iya sake tattara su, aka kuwa yi mako uku ana bin gonaki ana sake rubutawa. Hambali ya fara zaton asarar ta tsaya a nan.

Sai wata tsohuwa ta zo, Iya Fatu, daga wani ƙauye ta wajen Kura. Ta zauna a bencin ƙofar shago har layi ya ƙare, sannan ta matso.

"Ɗan nan, an ce min fuskar Malam tana cikin akwatinka."

Mijinta, Malam Usaini, ya rasu wata biyu kafin nan. Duk rayuwarsa sau ɗaya ya yarda aka ɗauke shi hoto, ranar rajistar ƙungiya. Ta kwance bakin zanenta ta fito da katinsa. Ruwan kanal ya taɓa jiƙa shi, fuskar ta goge, sai hula da kafaɗa suka rage.

"Matar ɗana ta haihu, an mayar da sunan Malam. Ina so yaron ya tashi ya san kamannin mai sunan."

Hambali ya dubi kwamfutar da ke gefe a lulluɓe. Ya so ya ce ta dawo jibi, bakinsa ya ƙi. Ya ce, "Iya, ki yafe min. Yana ciki, amma ya ƙone. Ban ajiye shi a wani wuri ba."

Da ta ga idonsa ya cika, sai ta ce, "A'a, kada ka yi haka. Mai fuskar ma Allah ya karɓi abinsa, bare takarda." Ta ajiye masa ƙullin gyaɗar da ta kawo don godiya, ta ce ai an riga an kawo, ba a komawa da ita.

Ranar bai iya cin abinci ba. Rahma ta bar shi har la'asar, sannan ta zauna kusa da shi ta ce, "Malam, na ga zuciyarka ta ƙi sakin abin nan. To ka tambaya mana. Masu ajiye kayan dubban mutane, su injinsu ba ya mutuwa ne?"

Wannan tambaya ita ta ci masa shekaru. Kullum bayan sallar asuba, kafin masu buga takarda su zo, yana kan waya yana karatu, ƙamus a gefe, don Turancin masu wannan sana'a kansa wani dutse ne. Abu na farko da ya gane ya ba shi mamaki: injin manyan ma yana mutuwa, kullum ma. Bambancin kawai, su sun gina abinsu ne da sanin cewa zai mutu. Ba a ajiye bayani a wuri ɗaya. Ana haya a manyan kwamfutoci na kamfanoni, waɗanda ake ce wa saba, a ajiye kwafi uku a garuruwa uku, yadda gobarar da ta ci ɗaya ba za ta kai ga sauran ba. Kuma ba a ce wa mutum an ajiye ba sai aƙalla biyu cikin ukun sun amsa cewa sun karɓa.

A hankali ya gina wa ƙungiyar sabon rumbun bayanai a kan wannan tsari. Daga nan duk wanda ya kawo masa takarda mai muhimmanci, ko ta gado ce ko ta makaranta, sai ya tambaye shi, "Ka yi mata kwafi uku?" Har sunan ya bi shi.

Labari ya bazu. Ƙungiyoyin Kura suka shigo, na wajen Garun Malam suka biyo. Daga ɗari huɗu aka koma dubu biyu, aka wuce dubu ashirin. Ranar rabon iri, idan kowa ya taso a lokaci ɗaya, sai rumbun ya dinga ja kamar jakin da aka yi wa lodi biyu. Hambali ya yi wata biyu yana zane a bayan tsofaffin takardu, daga ƙarshe ya raba bayanan gida-gida bisa sassan kanal, kowane sashe da nasa injinan. In sabon sashe ya shigo, sai a ƙara masa nasa, ba sai an taɓa na wasu ba.

Ba kullum yake yin daidai ba. A cikin gonaki sabis ba ya zama, don haka ya tsara wayoyin masu buɗe ƙofar ruwa su riƙe abin da aka rubuta, sai sun samu sabis su aika. Wani rani sabis ya ɗauke kwana biyu. Masu ƙofa biyu, kowanne bai san abin da ɗaya ya yi ba, suka ba mutum biyu ruwan Alhamis guda. Da sabis ya dawo, injin ya bi dokar da Hambali ya sa masa, wato rubutun ƙarshe shi ne gaskiya, ya share na farko. Albasar Yusuf, manomin da aka share nasa rubutun, ta ƙara kwana shida ba ruwa.

Yusuf ya zo shago yana faɗa. Hambali bai kare kansa ba. Ya ce a ɗora shi a babur a kai shi gonar. Ya zauna a kan kunya ya taɓa ganyen da ya kwanta, ya ce, "Laifina ne, ba na mai ƙofa ba. Na bar inji ya yanke hukuncin da ba nasa ba." Ya nemi shugabannin ƙungiya suka ba Yusuf ruwa washegari, albasar ta farfaɗo, ko da yake ba duka ba. Tun daga ranar, in rubutu biyu suka ci karo a kan ruwa, rumbun ba ya share ko ɗaya. Yana riƙe duka biyun, ya aika wa dattawan ƙofar su zauna su raba.

Bara, ana shirin shiga noman rani, taifot ta kwantar da shi. Aka kai shi asibiti a Kano, Rahma na jinya, 'yarsu Binta na wurin kakarta. A kwana na huɗu wayarsa, da ke cikin jakar Rahma, ta fara kuka ba ƙaƙƙautawa. Ɗaya daga cikin injina ukun na sashen Bunkure ya cika ya tsaya. Sauran biyun suna aiki, ba manomin da ya san wani abu ya faru, amma Rahma ta zauna da shi shekara goma sha biyu, ta san in na biyu ya bi sahu, rubutu zai tsaya cak a tsakiyar rabon ruwa.

Ta dube shi yana rawar ɗari. Ta kashe ƙarar wayar. Kwana biyu tana riƙe da maganar a cikinta, tana duba saƙonnin a ɓoye tana addu'a. Ta kira shugaban ƙungiya ta tambaye shi ko akwai wani da ya san yadda ake gyarawa. Ya ce, "Malama, ai duk a kan mijinki yake."

Sai da zazzaɓin ya sauka, ya sha kunu rabin kofi da safe, sannan ta gaya masa. Jikinsa ba ƙarfi, ba ya iya bugawa. Shi ya dinga faɗa harafi-harafi, ita tana dannawa da yatsa ɗaya, tana maimaita masa kamar mai biya allo. Kafin azahar injin ya tashi, ya kwashi abin da ya wuce shi daga wurin 'yan'uwansa.

Ta ajiye wayar, ta gyara masa matashi, ta ce, "Abban Binta, komai ka yi masa kwafi uku. Kai fa? Kai ɗaya ne tak."

Ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya ga ba wasa a fuskarta. Idonta ya yi ja saboda kwana biyun nan da ta ɗauka ita kaɗai. Ya kama hannunta ya ce, "Kin yi gaskiya. Na bar ki da kaya."

Da ya warke ya zauna ya rubuta duk abin da ke kansa da Hausa, shafi tamanin, Rahma na karantawa tana nuna masa inda mutum zai ɓata. Ƙungiya ta zaɓo mutum biyu su koya: Muhsina, malamar gona, da Zaharaddini, mai koyar da lissafi a sakandare. Ya ƙirƙiro musu wata al'ada, duk ƙarshen wata a kashe inji ɗaya da gangan, da rana tsaka, a ga ko sauran za su riƙe, sannan a tashe shi. Wata biyar yana zaune a bayansu suna yi, yana cije leɓe don kada ya sa baki.

Na shida ya faɗo ranar sunan ɗan ƙanwar Rahma a Madobi. Ya ce zai biyo su daga baya. Rahma ta miƙa hannu kawai, ya saka mata wayarsa, ta jefa a jaka.

A wurin suna ya zauna cikin maza, aka ci waina, aka yi addu'a. Sau biyu yana aikawa cikin gida a tambayo masa wayarsa, sau biyu ana dawo masa da cewa Malama ta ce ya ƙara miya. Sai da suka kamo hanyar gida da yamma, mai a-daidaita ya tsaya a bakin gada Binta ta sayi rake, sannan Rahma ta fito da wayar ta karanta masa da kanta.

"Daga Muhsina. Ta ce, 'Malam, mun kashe ƙarfe sha ɗaya, mun tayar sha biyu da kwata. Babu abin da ya ɓata. Akwai kuskure a shafi na arba'in da ɗaya, mun gyara.'"

Hambali ya ce, "Kuskure? Wane kuskure?"

"Gobe ka tambaye ta," in ji Rahma. Ta mayar da wayar jaka, ta karɓi gaɓar rake ɗaya daga hannun Binta ta miƙa masa.