Ranar da Ɗan Majalisa Ya Ɓace Mini Cikin Masu Harami

Shekarun baya da dama, wajen farkon shekarun saba'in idan ban yi kuskure ba, ina sabon gama jami'a, na samu aikin tafinta a ofishin wani wakilin alhazai a Jidda. Mai ofishin shi ne kafilina, wato wanda ya tsaya mini a wurin hukuma, iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar, tana hannunsa.

Wata safiya ya haɗa ni da wani baƙo daga Indiya. Ya ce tsohon ɗan jarida ne da ya zama ɗan majalisa, ya zo aikin Hajji, yana kuma son ganin jirgin ruwan alhazan ƙasarsu da zai iso ranar.

"Ka kai shi, ka dawo da shi kafin azahar. Idan ya ɓace, kai ma ka ɓace. Yalla."

Ina jin wasa yake yi, amma ban tabbata ba.

Baƙon ya riga ya ɗaura harami. Muna shiga tashar jiragen ruwa alhazai suka fara sauka, maza duk cikin farin zane biyu. Na juya na nuna wa mai gadi takardarmu, na waiwayo, babu shi. Sai a lokacin na gane cewa ban riƙe fuskarsa ba. Abin da na haddace kawai shi ne muƙaminsa, harami kuwa ba ya nuna muƙami.

Na gai da dattawa uku da Turanci, ina ce musu ranka ya daɗe. Ɗaya ya miƙo mini butarsa na riƙe masa. Har na fara shirya yadda zan gaya wa mahaifiyata a unguwarmu ta Nuzla cewa watakila Sudan, inda muka fito, za mu koma.

Kawuna, wanda yake dako a tashar, ya tarar da ni ina gumi, butar tana hannuna.

"Ustazu, ina digirin? Ko shi ma ya faɗa teku?"

"Kawu, baƙona nake nema. Ba'indiye ne, mai harami."

"Madalla, ka rage mana aiki. Ba'indiye mai harami." Ya yi dariya har kayan da ke kansa suka karkace. "Me yake yi kafin ya zama babban mutum?"

"Jarida, ina jin."

"Halas, shi ke nan. Kowa a nan amsa tambaya yake yi. Je ka nemi wanda yake yin ta."

A bayan rumfar kaya na same shi zaune a kan akwatin ƙarfe, tsofaffi sun kewaye shi, yana tambayarsu abin da aka ciyar da su a jirgi, yana rubutawa a bayan ambulan. Na zauna a ƙasa kusa da shi.

La'asar ta wuce kafin mu koma. Kafilina yana tsaye a ƙofa, bai ko kalle ni ba. Baƙon ya riga ni magana, kuma ni ne dole na fassara.

"Da gangan na gudu. Idan mutane suka ga ɗan ofis a gefenka, sai su ce komai lafiya. Na sha zille wa masu rakiya, wannan ne kawai ya gano ni."

Na fassara, amma na ƙara "watakila" a tsakiya, don yabon ya yi mini yawa. Kafilina ya ce in je in ci abinci, gobe da safe in zo da wuri.

Ban sake ganin mutumin ba bayan Hajjin. Amma tun daga ranar, duk wanda aka ba ni amanarsa, fuskarsa nake fara kallo kafin takardarsa. Kawuna kuwa har ya rasu bai daina ba da labarin butar nan ba.