Kwatar Barkat Ta Yi Ja

A bakin kwatar da ke kwaso ruwan dattin Faisalabad, wani dattijo mai jan rawani yana tsugune, hannun rigarsa a naɗe. Da gani, da wannan ruwa yake shayar da alayyahonsa tun ƙuruciya, ya san shi toka-toka, mai ɗumi, mai warin sabulu. Yau kuwa jawur yake, har da tururi.

Mai shayin gefe yana tsokanarsa: "Baba Barkat, yau kwatarka kwalliyar biki ta yi!"

Dattijon ko murmushi babu. Ya tsoma tafinsa a ruwan, ya kara shi da bakin rawanin. Launi ɗaya.

"Ƙanina ya ba ni rawanin nan ranar da ya buɗe marinarsa," in ji shi. "Ya rantse ko ɗigo ba zai iso gonata ba."