Kwana Ukun Fufidiya

Shekaranjiya aka ƙona gawar yayana Numeriyus, kuma ban je ba. An ce ya bar wasiyya a ɗauko masa hayar mata masu kuka. Ya yi wa kansa gata, don a duk unguwar Subura ban san wanda zai zubar masa da hawaye kyauta ba.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi. Wanki ya gada a wurin babanmu: a jera tuluna a bakin hanya masu wucewa su yi fitsari, a kwashe, a tattake rigunan manyan Rum a ciki har su yi fari. Tun yana yaro ba ya iya ganin abu a hannun wani. In aka ba mu ɓaure, sai ya lashi nawa ya ce ai ya zama nasa. Har ya yi furfura bai sake hali ba.

Ya auri Fufidiya, 'yar wani manomin zaitun a garin Gabi, tafiyar rabin wuni a keken alfadari. Irin auren nan ne da ba a danƙa mace a hannun miji. Tana gidansa, amma a doka 'yar ubanta ce, kuma uban na iya zuwa ya ɗauke abarsa duk ranar da ya ga dama. Sharaɗin ɗaya ne: kowace shekara ta kwana uku a jere a wajen gidan miji. In shekara ta cika ba ta yi ba, ta faɗa hannunsa ke nan har abada, kamar akuyar da ya saya a kasuwa.

Ranar biki tsohon, baban Fufidiya, ya gaya masa a gaban kowa, "Ɗana, ranar da ka ɗaga mata hannu, ranar za ta bar gidanka."

Maganar nan ta ci Numeriyus shekara bakwai. Ya zagi Fufidiya, ya fasa tukwane, amma hannun bai taɓa sauka ba. Duk shekara in ta ɗaure kayanta sai ya tsaya a bakin ƙofa yana taɓe baki.

"An tafi? To ki gaida mai ke."

"Zai ji, maigida. Kai kuma ka daure ka wanke ƙafafun nan kafin in dawo."

A shekara ta takwas ya fara ja mata lokaci. Yau aiki ya yi yawa, gobe ranar ba ta da sa'ar tafiya, jibi wani abin. Sai da ya rage kwana uku cif shekara ta cika sannan ya bar ta. 'Yarsu Fawla kuwa ya hana a tafi da ita, 'ya'ya ai na uba ne.

Rana ta uku da sassafe sai ga shi a gidana, gashi a hargitse, yana hawaye. Hawaye fa, munafukin!

"Sattiya, zazzaɓi ya kama Fawla, ba za ta kai gobe ba. Uwarta take ta kira."

"Wayyo! Bari in gan ta, Yaya."

"Tsayawa kallo za ki yi? Ga keke nan na ɗauko miki, ki hau!"

Na hau. Da tsakar rana na tarar da Fufidiya a gona tana tsintar zaitun da babanta. Ina gama magana kwandon ya suɓuce mata.

Tsohon ya riƙe mata hannu. "'Yata, kwana ɗaya ya rage. Ki bari gari ya waye, ni da kaina zan raka ki."

Ta juyo ta dube ni. Ta san mijinta sarai. "Sattiya, ke kin gan ta da idonki?"

Tsoro nake kada yarinya ta mutu uwarta na nan tana lissafin kwanaki. Na ce, "Na gan ta."

Rana na faɗuwa muka isa. Muna shiga bayinsa biyu suka tura ƙofa suka sa sakata. Ga Fawla a tsakar gida, lafiyarta lau, tana cin gurasa da cuku tana yi wa 'yartsanarta kitso. Ga maƙwabta biyar a zaune an cika musu gaba da nama, an kira su shaida.

"Sannu da zuwa, uwargida," in ji Numeriyus. "Jama'a, kun ga dai a inda za ta kwana."

Na zage shi tas. Kare, ɗan tattakar fitsari, babu abin da ban kira shi ba. Fufidiya ba ta ko kalle shi ba. Ta rungume 'yarta ta shafa goshinta, sannan ta ɗago ta ce da ni a hankali, "Kin ce kin gan ta."

Sai Numeriyus ya fashe da dariya. "Haka ta ce miki? Kai, ƙanwata, wannan ko ni ban sa ki ba."

Aka jefo ni waje. Washegari da hantsi na dawo, na tarar da tsohon a ƙofar gidan, ƙura har gwiwa. A ƙafa ya zo, riƙe da ɗan tulun zuma da ƙullin ganyen zazzaɓi. Numeriyus ya leƙo.

"Baba, wa kake nema?"

"'Yata."

"Ba ka da 'ya a nan. Tun jiya ta zama tawa, ga shaidu in kana so a kira su." Ya rufe ƙofa.

Tsohon ya daɗe yana kallon ƙyauren. Sannan ya juyo wurina.

"Sattiya, yarinyar ta kwana?"

"Lafiyarta ƙalau, Baba. Ba ta taɓa yin ciwo ba."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙo mini zumar ya ce a ba ta duk da haka, ya juya ya kama hanya.

Bai kai ƙarshen layi ba muka ji marin farko. Na san ya ji, don ya tsaya cak. Sai kuma ya ci gaba da tafiya.