Ranar da Na Bar Tuluna Don Direba Ya Ɗaga Mini Hannu

Na yi shekaru ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa a kan wannan magana. Ba ta nuna ni da kyau, kuma ina tsoron in faɗi abin da bai faru ba a kan mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya yafe mini inda na yi kuskure.

A wani ƙauye kusa da Beli aka haife ni, a zamanin Turawa. Na yi elementare a Karaye, na dawo gida ina noman dawa da gyaɗa. Babu layin dogo a ƙasarmu. Kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, ya yi ƙaura ya zauna a gefen ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya nufi Funtuwa, taku kaɗan tsakanin dangarsa da ƙarfen.

Ɗansa sa'ana ne, kuma taubashina. Duk kaka yakan zo mana, ya zauna a gindin durumi yana wai ƙorafi.

"Ku dai kun huta," in ji shi. "Mu in jirgin kaya ya taho, kwanukan jere har rawa suke yi. Kaza ba ta iya kwanci. Bangon ɗakin Inna ya tsage sau biyu."

Sai ya kumbura kumatu ya yi kukan jirgi, kowa ya kewaye shi. Ni da na iya karanta takarda, babu mai waiwaya ta. Wannan ƙarar da yake kuka da ita, ni ita nake so. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da ya ce direba ya san shi, kullum sai ya ɗaga masa hannu.

Na dami mahaifiyata har ta roƙi kawu. Ya ce in zo in yi mako guda, in ya ga zan iya zaman wurin, zai riƙe ni ya nema mini aiki a tasha. Na bi masu kai gyaɗa a kan jakai na tafi.

Gidan yana da ƙa'ida. Kwal jirgin yake ci, yana hawa tudun bayan gida yana feso tartsatsi, ga jinka, ga rumbuna, ga harawa a kan rumfa, duk a bushe. Saboda haka da an ji kukansa daga nesa, kowa zai bar abin da yake yi ya kama wurinsa da ruwa, kuma ba zai motsa ba sai tarago na ƙarshe ya wuce. Matar kawu tana bayan ɗakin girki. Taubashina yana bakin danga, daf da layi. Ni aka ba ni rumfar harawa, can cikin gida, inda ba a ganin komai sai hayaƙi.

"Bawana, riƙe tulunka da kyau," in ji taubashina. "Ko a Karaye ba a koya muku kashe wuta ba?"

"Kai dai da ko sunanka ba ka iya rubutawa."

"Direba bai taɓa tambayata takarda ba."

Kwana huɗu ina tsaye a wurina. Ƙasa tana girgiza har cikin haƙorana, ina zagaya rumfar ina duba kowane kara, in jirgi ya wuce in sake dubawa. Kawu har ya yaba mini. Amma kullum sai taubashina ya shigo yana murmushi ya ce, "Yau ma ya gaishe ni."

A rana ta biyar, bayan azahar, na ji kukan jirgi. Na ce a raina leƙe ɗaya kawai. Na ajiye tulu, na ruga na tsaya gaban taubashina, na ɗaga hannuwa biyu. Wani baƙin mutum da hula ya leƙo daga kan jirgin ya ɗaga hannu. Ko ni ya yi wa ko na bayana, ban sani ba. Taragun buhunan gyaɗa suna ta wucewa, ƙara ta toshe mini kunne, ban ji ihun matar kawu ba sai da ta fizgo rigata.

Rabin harawar ta ƙone, abincin tumakin kawu na rani ke nan. Allah ya tsare, wutar ba ta kama rumbu ba.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ɗan nan, ina kake?" Na faɗi gaskiya. Sai ya ce, "Gobe masu jakai za su koma Rogo, wajenku. Ka gaishe mini da yayata."

Taubashina ya rako ni har bakin rafi bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Shi ya samu aikin tashar daga baya. Ni a gona na tsufa. Har ya rasu ban iya tambayarsa ko da gaske direban ya san shi ba.

Shi ya sa nake roƙon masu karatu. In akwai wanda ya yi aiki a jirgin kaya a wannan layi, ko mahaifinsa ya yi, don Allah ya sanar da ni: direbobin nan suna gane fuskokin mutanen gefen layi ne, ko duk wanda ya tsaya ɗaga masa hannu suke yi?