Kogin da Na Yi wa Baba a Bayan Gida

Mahaifina masunci ne. A wani ƙauye gabas da Haɗeja aka haife shi, a bakin ruwa, kuma bai taɓa sanin wata sana'a ba sai su. Ni kuwa boko ya ɗauke ni, aiki ya ajiye ni a Dutse, na yi aure na kama gida a Limawa. Shekarar da Inna ta rasu, a cikinta hawan jini ya kayar da shi yana ɗaure kwale-kwalensa. Ya tashi, amma ɓarin jikinsa na hagu bai tashi tare da shi ba. Yayata da ke aure a Miga ta ce ba za a bar shi a ƙauye ba, asibiti ya yi nisa, Baffa ƙaninsa kuma shi ma tsufa ya kama shi. Muka yanke shawara mu biyu, sai da muka gama muka gaya masa. Bai yi musu ba. Ya ce dai a ɗauko masa butarsa da buzunsa.

A gidana Baba ya koma mutum mai shiru. Mutumin da a da idan ya fara labarin ruwa sai tuwo ya huce a gabanka, yanzu sai ya wuni a ƙarƙashin rumfa yana jan carbi, idonsa a kan katanga. Maiɗakina ta yi iya ƙoƙarinta. Takan nemo busasshen kifi ta yi masa miyar kuka, ya yi 'yan lomomi, ya sa mata albarka, ya ture kwanon. Da yamma nakan fito da shi ƙofar gida ya sha iska, sai ya kalli duwatsun da suka kewaye garin ya ce a mai da shi ciki.

Wani abokin aikina ne ya nuna mini wata dabarar kiwon kifi a wayarsa. Kifi a cikin tanki a ƙasa, ɗan inji yana tura ruwan sama zuwa wasu kwatamai cike da tsakuwa inda aka shuka ganye. Saiwoyin su sha kashin kifin a matsayin taki, ruwan ya gangaro a tace ya koma wa kifin. Ban san komai a kai ba. Ni ɗan masunci ne da ko komar kamun kifi bai iya jefawa ba. Amma tun a hanyar komawa gida na riga na ga inda zan kafa shi, a ɗan filin da ke tsakanin kicin da katangar baya.

Na sayi tsohon tanki baƙi na yanke masa kai. Na samo durom na roba na tsaga shi gida biyu, na ɗora a kan bulo. Tsakuwa daga wajen masu fasa dutse na kwaso ta, wankinta kaɗai ya cinye mini Asabar da Lahadi, hannuna duk ya yi kanta. Ranar da na fara kunna injin, bututun ya ɓalle, ruwan da 'yan garuwa suka sha wahalar kawowa ya malale tsakar gida har bakin tabarmar Baba. Ya janye ƙafarsa mai lafiya. Sai da na gama gyara nake bayyana masa yadda abin yake aiki. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko kifin ba zai taɓa taka laka ba ke nan. Na ce a'a. Ya gyaɗa kai.

'Ya'yan tarwaɗar da na fara zubawa ba su yi mako ba. Na yi gaggawa, ruwan bai zauna ba, ga shi ina ta antaya musu abinci don ɗoki. Ruwan ya yi kauri ya fara wari, wata safiya na tarar da su sun juya fararen cikinsu sama. Na kwashe su a bokiti zan kai bola, Baba ya ce in haƙa rami a gindin katanga in rufe su. Na yi yadda ya ce. Na canja ruwa, na bar injin yana ta juyawa ba kifi na 'yan makonni, sannan na sake kawo wasu.

Waɗannan suka rayu. Alayyafo ya tsiro a cikin tsakuwa, kore shar, abin da ni kaina ban yarda zai yiwu ba. Tumatir ya biyo baya. Rannan na dawo daga aiki na tarar an matsar da kujerar Baba zuwa gefen tankin. Maiɗakina ta ce shi ya nemi a kai shi. Daga nan ciyarwa ta koma hannunsa. Bayan ya karya kumallo da kuma bayan La'asar, sai ya ɗebi abincin da hannun dama ya yarfa kaɗan-kaɗan, kifin su taso suna fantsama ruwa. Bakinsa ya buɗe. Ina jin shi yana ba maiɗakina labarin kifaye irin su karfasa da ragon ruwa, da yadda ake kwanciya a kan gora a bi ruwa. Na kira Yaya a waya na ce mata Baba ya samu koginsa. Ta yi ta hamdala.

Muka ƙetare bazara da ƙyar. Wuta ba ta zama, sai da na haɗa ɗan sola da batir, na kuma yi wa tankin rumfar zana don kada ruwan ya yi zafi. Kifin suka girma, wasu sun kai tsawon damtse. Wata Juma'a na ce yau za a ci na gida. Na sa kwando na kwaso manya, ba wata wahala, maiɗakina ta yi farfesu mai daddawa da citta, ta yanka alayyafon a ciki. Na kai wa Baba da kaina. Ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya ce in ci, shi ya ƙoshi.

Na zauna kusa da shi. Ba abin da ake ji sai zubar ruwa daga bututu.

“Kifin kogi,” in ji shi, “sai ya gudu, ni ma in yi dabarata, wanda Allah ya ba ni shi ne nawa. Waɗannan ina za su gudu? Hannuna suka sani.”

Na ce ai don a ci ake kiwonsu, kamar kaji.

“Haka ne. Amma kullum ina kallonsu. Su je bango su juyo, su je bango su juyo. Na san abin da suke nema.” Sannan ya ce, “Ka mai da ni gida.”

Na kawo maganar asibiti, da magani, da likitan da ke duba shi. Ya bar ni na gama tsaf.

“Ka yi ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka. Amma ruwan nan naka ba ya zuwa ko'ina.”

Yaya ta yi faɗa, ta yi kuka, ta ce idan wani abu ya same shi ni na sani. Duk da haka da damina ta faɗi muka ɗauke shi. Kogin da muka tarar ba wanda na sani ina yaro ba ne. Ciyawar kachalla ta cinye rabinsa, kwale-kwalen Baba kuma yana kife a kan tudu, gindinsa ya tsage. Na ji tsoron abin da ganin haka zai yi masa. Amma Baffa ya shimfiɗa masa buzu a gindin tsamiya yana fuskantar ruwa, tsofaffin abokan sunsa suka taru, ɗaya ya tuna masa ranar da wani kada ya yaga masa tarun kamun kifi. Baba ya yi dariya har da tari. Rabona da jin dariyarsa tun Inna tana raye.

Na koma Dutse. Idan na kira wayar Baffa, yakan miƙa masa, bayan gaisuwa sai ya tambayi kifin, ko suna ci, ko ruwan bai yi zafi ba. Muryarsa tana ƙara yin ƙasa, amma bai taɓa cewa yana jin ciwo ba. Gero yana fitar da kai Allah ya karɓi abinsa. Ruwa ya yanke hanyar ƙauyen, sai da muka zagaya, kafin mu isa an riga an kai shi makwancinsa. Baffa ya ce a kwanakin ƙarshe ba ya cin komai sai kunu, amma kowace safiya sai an ɗauke shi an kai shi gindin tsamiya.

Bayan na dawo na kasa zama kusa da tankin. Maiɗakina ce ta ci gaba da ciyar da su, har suka yi wa wurin yawa suka fara cizon juna. Ta ce mu yi wa Baba sadaka da su. Muka raba wa maƙwabta, ban bar ko ɗaya ba. Da kifin suka tafi, ganyen tumatir ya fara yin rawaya, sai alayyafon ne ya ɗan daure.

A cikin kwanakin nan Yaya ta zo daga Miga. Tun rasuwar ba mu yi wata doguwar magana ba. Ta zagaya baya, ta tsuguna tana tsinkar alayyafon da ya rage tana zubawa a gefen mayafinta. Ba tare da ta ɗago ba ta tambaye ni, a ganina da mun bar shi a Dutse da ya kai wannan lokacin. Na ce mai yiwuwa ne. Ta ce ita ma haka take gani. Ta ƙulle ganyen, na raka ta tasha, muka tsaya a inuwa har motar ta cika.