Ranar da Na Ɗaure Gwaggo a Bas ɗin Malam Dauda

Cikin duk ayyukan da na yi a garejin kamfaninmu na biskit da ke Challawa, akwai wata Talata ta damina da har gobe ba ta fita daga raina, ranar da aka sa ni in ɗaure Gwaggo. Ku da kuka zo daga baya ba ku san sunan ba. Gwaggo ita ce na'urar nuna hanya, 'yar mitsitsiya kamar tafin hannu, wadda ake mannawa a gilashin gaban mota. Direbobi ne suka raɗa mata sunan, saboda muryar mace ce a cikinta, kuma ba ta gajiya da gyara wa mutum tafiya, ko da gidan ubansa za shi.

A lokacin ni ne rewaya, wato duk abin da ya shafi wutar mota a wuyana yake. Shugabar sashen sufuri kuwa Madam Rifkatu ce, mutuniyar Kafanchan, mace mai kirki amma ba ta ɗaukar wargi. Ita ta sa aka sayo wa kowace mota Gwaggo. Ba don direbobinmu suna ɓata ba ne, a'a, don na'urar tana riƙe duk inda mota ta bi, in an dawo a duba. Wutarta daga ramin laita take sha, ramin nan na kunna sigari da ke kusa da giya.

Kowace mota lafiya lau, ban da bas ɗin Malam Dauda, dattijon da ke kwaso ma'aikatan juyi, masu aikin karɓa-karɓa, daga ƙauyukan bayan Panshekara. Kullum aka duba tasa Gwaggon, a mace take, babu labarin inda aka je. Batirin cikinta ba ya riƙe wuta, da an zare ta daga rami sai ta yi gum. Madam ta yanke hukunci a ranta cewa kabu-kabu yake yi da motar kamfani, shi ya sa yake rufe bakin mai ba da shaida. In ta tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya huci zuciyarki, Madam." Ranar nan dai ta gaya masa a gabanmu cewa in aka sake, ya ajiye makulli. Mutum mai iyali, ga shekaru, ina zai nufa?

Ta juyo kaina. "Sabo, ka haɗa ta kai tsaye da wutar motar, yadda hannu ba zai zare ta ba. Ramin laitar nan kuma ka yanke wayarsa, ka toshe."

Aikin ba wuya, in mutum bai yi gaggawa ba. Da farko ka buɗe akwatin fis da ke ƙarƙashin sitiyari, ka ɗauki fitilar gwaji kana dangwala kowane fis. Akwai masu wuta dare da rana, akwai waɗanda sai an murɗa makulli. Na biyun kake nema, domin in ka ɗaura na'ura a kan mai wuta kullum, za ta yi ta tsotsar batir har Litinin ta zo a koma turi. In ka same shi sai ka cire kan batir kafin ka taɓa komai. Sannan ka tuna wutar mota ta fi ƙarfin Gwaggo, dole ka sa ɗan akwatin rage wuta a tsakani, ka ba ta nata fis, ka ɗaure baƙar wayar a jikin ƙarfen mota, ka ɓoye sauran a bayan dashbod.

Na gama wannan, na murɗa makulli, Gwaggo ta farka ta fara Turancinta. Sai na juya kan ramin laita da fulaya a hannu. A nan na tsaya. Bakin ramin ya sha jiki har ya yi sulɓi, kamar turmin gidan yawa. Sigari kuwa Malam Dauda ko warinta ba ya so. Na ce ruwa ba ya tsami banza, na buɗe aljihun dashbod. Sai ga wata tsohuwar hula cike da igiyoyin caji, an ɗaura wa kowace ƙyalle mai launi daban, da wani ɗan abin raba wuta mai baki uku.

Malam Dauda yana tsaye a bayana, ya yi tsuru-tsuru.

"Malam, shagon caji kuka buɗe ba mu da labari?"

"Injiniya, rufa min asiri." Haka yake kirana in yana neman alfarma. "Mutanen nan garuruwansu ba wuta. A cikin kamfani kuma ka san an hana caji tun da soket ɗin nan ya ƙone. To tafiyar nan ce kaɗai damarsu. Mace ta bar yaro ba lafiya a gida, da me za a kira ta? Layi suke bi, kowa da ranarsa."

"To ku bar wa Gwaggo baki ɗaya mana."

"Haba! In hana mutum, in ba mai koya min hanyar Madobi? Ina bin hanyar nan tun ba a haifi wanda ya ƙera Gwaggon ba."

Na yi dariya, amma jikina ya yi sanyi. Na tambaye shi me ya hana ya gaya wa Madam. Ya ce in ya faɗa, fushin kan ma'aikata zai sauka, gara a ce shi ne. Wallahi ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi, dattijo zai rasa tuwonsa a kan zargin da bai ji ba bai gani ba, don kawai ya ƙi buɗe baki.

Ni kuma na shiga tsaka mai wuya. Umarni a yanke ne. In kai ƙara, na tona asirin da aka ce in rufa. Sai na tuna gani ya kori ji. Na je ofis na ce, "Ranki ya daɗe, an haɗa, amma ba na yanke tsohuwar waya sai an gwada sabuwa a hanya. Da za ki biyo mu ɗaukar 'yan juyin yamma, ki gani da idonki." Ta dube ni, ta ɗauki jakarta.

Ta zauna a gaba, ni ina bayanta. Gwaggo ta yi ta ba da umarni, Malam Dauda yana amsa mata da "Na ji, Gwaggo," yana bin inda ya ga dama saboda ruwa ya cinye wata kwana. A ƙauyen farko ma'aikata suka shigo, kowa da salula a hannu kamar yadda aka saba. Suna ganin Madam, salula ta koma aljihu, gaisuwa ma da ƙyar. 

A ƙauye na gaba sai ga Iya Talatu, tsohuwar da ke share ɗakin gasa biskit, wadda ba ta tsoron kowa sai Allah. Ta hau da ƙyar tana haki, ko kallon wanda ke gaba ba ta yi ba, ta miƙa salularta ta saman kafaɗar Madam.

"'Yar nan, sa min a wuta, yau layina ne. Mai jan ƙyalle, tana cikin hula. Jikata na gab da haihuwa, kada a neme ni a rasa."

Malam Dauda ya ƙura wa titi ido kamar yau ya fara tuƙi. Madam ta dubi salular, ta buɗe aljihun dashbod, ta daɗe tana kallon hular. Sannan ta zaro mai jan ƙyalle, ta jona, ta ce, "An sa, Iya. Allah ya sauke ta lafiya."

Muka shiga get ɗin kamfani. Da kowa ya sauka Madam ta ce, "Malam Dauda, ku yafe min. Amma ku ma kun yi laifi, da baki ake magana." Ni kuma ta ce kada in taɓa ramin, in ma ƙara wasu a tsakiyar bas, kowane da fis ɗinsa, kada mu ƙone motar mutane. Malam Dauda ya ci gaba da riƙe makullinsa har ya yi ritaya da mutuncinsa.

Shi ya sa kuke jin ina yi muku faɗa in na ga fulaya tana rawa a hannunku. Haɗa waya kowa zai iya koya cikin mako. Amma kafin ka yanke wadda ka tarar, ka bi ta har ƙarshenta ka ga wa ke shan wuta a jikinta. Tawa ta ranar nan, da na bi ta, a wajen Iya Talatu ta ƙare.