Zobe a Ciki, Hannu a Kwano

Ni dai ban taɓa neman rama ba. A Zongonmu na Wagadugu, kafin a rushe shi, mai tumbi ake fara miƙa wa kujera. Na gaji ƙiba wajen mahaifina kamar yadda na gaji rumfar atamfa a kasuwar Rood Woko, kuma duka biyun na riƙe su da kyau. Sai da gwiwoyina suka fara gardama da ruku'u, ciwon sukari ya shigo, tansiyo, wato hawan jini, ya biyo bayansa, sannan babbar 'yata da ke aikin jinya a Faransa ta buga waya ta ce ko in hau jirgi in zo, ko ita ta zo ta ɗauke ni kamar buhun masara. Na san halinta, halin uwarta ne. Na hau jirgi.

Abin da suka yi mini ba shi da tsawo wajen faɗa. Sun huda cikina, suka ɗaura wani zoben roba a wuyan tumbina, ta yadda abinci zai tsaya a 'yar jaka daga sama kafin ya sulale ƙasa a hankali. Da na farfaɗo, likita ya zauna bakin gado yana jera mini dokoki, 'yata tana ƙara musu gishiri. Loma ƙarama. A tauna har ta zama ruwa. Ba a shan ruwa a kan abinci. Ba lemon kwalba, ba busasshen nama, burodi ma sai da lallami. In ka ji nauyi a ƙirji, ka tsaya. Ga tafiyar ƙasa kullum. Na saurare shi ina gyaɗa kai, irin gyaɗa kan da nake yi wa mai neman ragi a rumfa.

Na dawo gida da kunu. Mutumin da yake tayar da kazar Mosawa gasasshiya shi kaɗai, ya kora da zomkom, ruwan geron nan mai sanyi, kofi bayan kofi, shi ne aka zaunar gaban koko tatacce da ƙaramin cokali. Hajiya, matata, ta dube ni ranar farko ta juya baya tana share ido da gefen mayafi. Ta ce shekara da shekaru tana gina mutum, Nasara sun rushe mata shi a yini guda. Daga kunu muka koma romo, daga romo muka koma dankali da kabewa da aka dama, har aka kai ga tuwo mai laushi da miyar kuɓewa, wadda ita ce ta zama aminiyata don ba ta tsayawa gardama a bakin zobe.

Tafiyar ƙasa ita ta fi ba ni wuya, ba don gwiwa ba, don mutane. 'Yata ta haɗo ni da farin takalmin basket. Sai in saka shi ƙarƙashin jallabiya bayan asuba in nufi unguwar Sankaryaare. Ban taɓa kai kwanar titinmu ba tare da wani ya taka birkin ƙaramin babur ɗinsa mobileti a gabana ba.

"Alhaji, mota ta lalace? Hau in kai ka."

In ce motsa jiki nake yi. Sai ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya tafi ya ba da labari. Kafin azahar Zongo ta kasu biyu, masu cewa kasuwata ta karye da masu cewa ciwon nan da ba a son faɗin sunansa ne ya kama ni. Wata mai sayar da benga a bakin hanya, shinkafa da wake ke nan, har ƙara mini cokali ta so yi don tausayi, alhali gaisawa kawai na tsaya yi. Duk wannan bai dame ni ba. Na fara sujada ba tare da nishi ba, kuma wannan ya ishe ni.

Abin da ya dame ni a ƙofar gidana ya same ni.

Muna da ciyayya tun zamanin mahaifina. In an sallame magariba, magidantan layinmu kowa zai fito da kwanon gidansa, a shimfiɗa tabarma ƙofar zaurenmu, a jera kwanuka a tsakiya. A buɗe ɗaya, kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na gaba. Ba a tambayar na wane ne wannan, ko da yake kowa ya san miyar gidan kowa. Doka ɗaya ce ba a rubuta ba amma ba a taɓa karya ta ba: in mai ƙofa ya tsame hannu ya ce alhamdulillahi, an gama ke nan. Ba wanda zai ci gaba da kai loma mai gida yana zaune yana kallonsa. Tsawon shekarun da na gaji tabarmar, dokar nan ba ta taɓa cutar kowa ba, domin ni ne na ƙarshen tsame hannu. Wani lokaci ma sai an tashi an bar ni da ƙanzo.

Cikin masu zama da mu akwai Direba. Da haka kowa ke kiransa, har yara. Mutumin Ƙonni ne, ya girme ni, shi ya ja wa mahaifina kamiyo, babbar motar goro, tsakanin Kumasi da Wagadugu tun ina ɗan lakwal, wato ɗan makaranta. Yanar ido ta sauke shi daga mota, matarsa ta rasu, 'ya'yansa suka watsu. Yana zaune ɗaki guda a bayan masallaci. Kullum yakan zo da kwanonsa a rufe, ya ajiye shi cikin jeri da ƙarfi yadda kowa zai ji. Abin da ke ciki ba ya wuce ɗan benga da ya saya a titi, ko gari da ya jiƙa. Mu kuma mukan buɗe shi, kowa ya taɓa, wani ma ya yaba. Dukanmu mun san abincin kirki ɗaya da ke shiga cikin Direba a yini shi ne na tabarmar nan, kuma ciyayya ta ba shi damar ci ba tare da ya ce wa kowa na gode ba.

To, ga ni na koma tabarma da zobe a ciki. 'Yan lomomi kaɗan, sai in ji nauyin nan a ƙirji. In tsame hannu, in ce alhamdulillahi, in jingina da bango ina jin daɗi, ina tunanin yadda 'yata za ta yaba mini. Hannaye su janye ɗaya bayan ɗaya. In ce, "Ku ci gaba mana, ni likita ne ya hana ni." Su ce ai sun ƙoshi. Sauran ba su yi asara ba, kowa yana komawa gida matarsa ta ɗumama masa saura. Ni kuwa hankalina yana kan sikelin kantin magani da nake hawa duk mako, ina murnar allura tana ja da baya.

Telana, wanda shi ma muke ciyayya da shi, shi ne ya farkar da ni. Haifaffen Zongo ne, uwarsa Bamosa, ba ya iya ƙare magana da harshe ɗaya. Na kai masa manyan riguna ya rage, yana gwada ni da allura a baki, sai ya ce, "Alhaji, vraiment ka yi kyau. Amma in tambaye ka. Kai an sa maka zobe a Faransa. Shi Direba wa ya sa mishi nashi? Wandonshi ya kawo mini jiya, mazagi ya zagaye shi har ya yi saura."

Na tsaya da hannuwa a buɗe kamar an shanya ni. Kunya ta kama ni, tsoro kuma ya biyo ta, don tsoho irin Direba in ya fara zubewa ba ya dawowa da sauƙi.

Dabarata ta farko ita ce ta kowane mai hali. Na sa Hajiya ta zuba tuwo da miyar taushe da nama, na ɗauka da kaina na kai masa ɗaki da rana. Ya shinshina, ya rufe kwanon, ya tura mini shi da ƙafa a hankali.

"Mi ya hwaru, Alhaji? An ce maka kwance nike? Ni da nika hita da kwanona kullum, yau ni anka aiko ma sadaka?"

Na dawo da kwanona. Hajiya ta ce dama ta san haka za a yi, kawai ta bar ni ne in je in ji da kunnena.

Dabara ta biyu ta fi ta farko wauta. Na ce bari in ci kamar dā, zobe ya yi haƙuri. Ranar an kawo dambu da soyayyen nama daga gidan maƙwabcina. Na dunƙula loma irin ta zamanin jahiliyyata na aika. Ta sauka, ta isa bakin zobe, ta ce nan ta tsaya. Wanda bai taɓa ji ba ba zai gane ba. Kamar an cusa maka ƙwallon mangwaro a tsakiyar ƙirji, miyau yana taruwa a baki, ido yana ruwa. Na tashi da gudun da ban yi irinsa ba tun ina saurayi, na zagaya bayan zaure na mayar da dambun mutane. Da na dawo, an riga an rufe kwanuka duka, kowa yana yi mini sannu. Maƙwabcin kuwa ya kwana biyu yana gaishe ni a daƙile, don labari ya kai wa matarsa cewa girkinta ne ya sa Alhaji amai.

Na kira 'yata ina ba ta labari, ta yi dariya har ta sarƙe. Ta ce, "Papa, doucement! An ce ka ci a hankali, ba a ce ka gama da wuri ba." Ita faɗa take yi mini irin na ma'aikatan jinya. Ni kuma na ajiye waya na zauna ina juya maganar.

Washegari na fito da sabon tsari. Na gutsuri tuwo kamar kan yatsa, na tsoma a miya, na sa a baki, na shiga tauna. Na tauna har tuwon ya manta shi tuwo ne. Hannuna kuwa bai bar kwano ba. Ina murza wata 'yar loma a gefena, in lallaɓa ta, in gyara mata zama, in mayar da ita. Da na ga shiru zai tona ni, sai na buɗe baki da labari. Ni da dā ba a jin muryata a kan abinci sai dai ƙarar haɗiya, na zama mai surutun tabarma. Na ba su labarin jirgin ƙasan da ke tafiya ƙarƙashin gari, da tsohuwar da na gani tana sa wa karenta riga, da rigar asibiti mai buɗaɗɗen baya da aka sa mini na yi ta yawo ina riƙe da ita. Suna dariya suna ci. Aka buɗe kwano na biyu, aka buɗe na uku. Ta wutsiyar ido ina kallon hannun Direba yana zuwa yana dawowa, ina tura masa tsokar nama ɓangarensa kamar ba da gangan ba.

Hajiya ta ga kwanuka sun fara dawowa a suɗe, ta ce to, yanzu ta yarda mijinta ya warke. Likitan da ke duba mini zoben a nan gari, wanda kan soka allura ta fatar cikina ya ƙara masa ruwa ko ya rage, ya ce bai taɓa ganin mai bin doka irina ba, ya tambaye ni sirrin. Na ce masa tsoron 'yata ne. Labarin Faransa ya ƙare, na koma na kasuwa, na kasuwa ya ƙare, na fara ƙirƙira. Hannuna yakan yi sanyi cikin miya, yatsuna su yi yaushi kamar na mai wanki. Ban damu ba. Kumatun Direba sun fara cikowa, muryarsa ta dawo, har ya koma yi mini gardama kan wace hanya ta fi kusa zuwa Kumasi.

Ina ganin na yi wayo. Na ɗauka mutumin da ido ya gaza ba zai san abin da hannuna ke yi ba.

Wata magariba cikin damina, hadari ya taso, sauran suka tattara kwanukansu suka ruga gida, aka bar ni da shi a cikin zaure da sauran tuwo. Na ci gaba da aikina, ina murza lomata ina ba shi labarin wani Bature da na ce ya ci barkono a rumfata ya yi rawa. Direba yana ta cin abinsa. Can sai na ji yatsunsa sun lalubo nawa cikin kwanon. Ya kama wuyan hannuna, ya ɗaga shi waje, ya karɓe 'yar lomar da na daɗe ina wahalar da ita, ya jefa bakinsa.

"Baturen nan naka," ya ce, "wancan sati Balarabe ne."

Na buɗe baki in kare kaina, ya girgiza kai.

"Na yi shekaru ina jin mota da kunne, Alhaji. In inji shina aiki na sani, in kuwa ƙara kawai shika yi ba ya jan komi, shi ma na sani. Tun rana ta hwarko ban ji kana haɗiya ba."

Ruwa ya fara sauka a kan kwanon rufi. Na ji tsoron gobe ba zai zo ba, tunda ya gane. Shi kuwa bai saki hannuna ba. Ya jawo butar ruwa da ɗaya hannun, ya zuba mini a kan yatsu, yana wanke mini miyar da ta bushe a kansu.

"Wanke ka huta," ya ce. "Na ƙoshi. Gobe ka zo da labari mai tsawo, an ce gidan tela shinkahwa za su yi."